Juyar Bishiyata Ta Haihu, Ku Dakatar da Katafila

Ta haihu! Bishiyar cesnat ɗin nan ta bayan gida, wadda duk kwarin nan ke kira juya, ta haihu! Shekaranjiya da safe na fita zuba wa kaji hatsi, na taka wani ƙunshin ƙaya a gindinta, na murza shi da dunduniyar takalmi kamar yadda ƙafata ta saba yi kowace kaka, ba don ina sa ran komai ba. Sai ga ƙwayoyi sun mirgino, cikakku, masu nauyi, suna sheƙi kamar gadon bayan doki da aka goge. Na tsuguna na kasa tashi. Kaji suna can suna jiran hatsi, ni ina nan ina kuka ina dariya, tari ya zo ya shiga tsakani.

To, bari in dawo in yi gaisuwa, tunda Malama Nadine ta koya mana a ajin yamma cewa ba a fara takarda daga tsakiya.

Zuwa ga ɗana Delmer da iyalinsa a Ohio, da 'yata Oleta da mijinta Roscoe, da jikokina duka, manya da ƙanana. Ina gaishe ku da sunan Ubangiji. Ni ne mahaifinku Hobart Lantz, ina rubuta wannan da hannuna a teburin kicin, cikin watan Oktoba na 1998, kuma ina cikin hankalina sarai. Na san duk wanda ya karanta layin farko zai ce tsoho ya fara ruɗewa. Ban ruɗe ba, murna ce. Ba wanda ya tsaya a kaina, ba wanda ya faɗa mini abin da zan rubuta. In kun ga rubutun yana rawa, hannu ne da ya koyi riƙe gatari shekara hamsin kafin ya koyi riƙe alƙalami.

Likita ya saurari ƙirjina a watan jiya. Ƙurar da na shaƙa a ramin haƙar kwal ta gama cin abin da za ta ci na huhuna. Ya ce kada in yi wa kowa alkawarin da ya wuce Kirsimeti. Ban ji tsoro ba, don uwarku Verlie ta riga ni, kuma na san ta share mini wuri tana mita na makara. Amma da can ina shirin tafiya hannu sake. Yanzu kuwa ina da aiki a gabana wanda ba zan kai in gama ba, shi ya sa dole ku saurare ni.

Ku jikoki ba ku taɓa ganin dajin da na tashi a ciki ba, don haka sai na gaya muku. Lokacin ina yaro, in cesnat ta yi fure a tsakiyar zafi, duwatsun nan fari suke komawa fat, kamar dusar ƙanƙara ta manta lokacinta. Da kaka kuwa ba ka iya taka ƙasa. Aladunmu a daji suke ƙiba ba mai ba su ko zangarniyar masara. Mu yara mukan fita da buhu kafin talotalon daji su riga mu, mu kai kantin gari a ba mu takalmin hunturu. Takalmin farko da na sa a duniya cesnat ce ta saya mini. Da katakonta aka yi gadon da aka haife ni a kai, da shi aka kafa shinge, da shi aka binne kakana, don itace ne da ba ya ruɓewa. Sai ciwo ya zo daga gabas, wani gyambo mai launin tsatsa da ke zagaye ɓawo ya shaƙe bishiya. Aka ce wa mutane su sare tun kafin katako ya lalace. Kowa ya ɗauki zarto. Aka sare mai ciwo, aka sare mai lafiya. Mahaifina da ƙanensa suka kwantar da babbar da ke gangaren bayan shingenmu, wadda maza uku ba sa zagaye ta da hannu. Da ta faɗi tagogin gida sai da suka yi ƙara. Mahaifina ya zauna a kan kututturen ya cire hula, yana nan zaune har aka kira cin abinci.

Da na bar aikin rami na shiga ajin yamma a ɗakin ƙasa na coci, ina zaune a kujerar yara gwiwata tana bugun tebur. Abu na farko da na karanta ni kaɗai, ba mai nuna mini da yatsa, littafin tallan masu sayar da dashe ne. A nan na ga wai an haɗa cesnat ɗinmu da ta ƙasar Sin, wadda ciwon ba ya kashewa, an sami iri mai ruwa biyu. Na karanta har sau uku don in tabbata ba ni na ƙirƙira ba. Da fari na sayi ta Sin zalla, ta nuna mini ita 'yar hutu ce: ɗan ɗumi kaɗan ta buɗe ido, sanyin ƙarshe ya ƙone ta ƙurmus. Sai na sayi masu ruwa biyu guda biyar. Sanyin nan na shekarar tamanin da biyar, wanda ya fasa bututun ruwa har a cikin gida, ya tsaga huɗu daga sama har ƙasa. Ɗaya ta tsaya. Ita ce ta bayan gida.

Amma cesnat ba ta haihuwa ita kaɗai. Sai iska ta kawo mata garin fure daga wata cesnat ɗin dabam. Na yi ta neman mata abokiyar zama. Na dasa, barewa ta cinye. Na sake dasawa, ɓeraye suka gaigaye gindin a ƙarƙashin ƙanƙara. Uku da na sa bara har yanzu ba su wuce ƙuguna ba, fure kuwa sai nan da shekaru. Ita kuwa kowace shekara ta yi fure, ta yi ƙunshin ƙaya jingim, ka buɗe ka tarar da fata a shanye, babu ko ƙwaya. Abokina Estel Vance ba ya wucewa a a-kori-kurarsa sai ya leƙo ya ce, “Hobart, ya jikin amarya? Har yanzu shiru? Ka sake ta mana, ga tuffa can tana haihuwa ba a roƙe ta ba.” Uwarku ma, Allah ya ji ƙanta, takan ce, “Da ni ka yi wa hidimar da kake wa wannan juyar, da yanzu ni ce matar gwamna.” Amma ita ce ke ɗaukar ruwan wanke-wanke ta kai mata in an yi fari, tana tsammanin ban gani ba.

To shekaranjiya, bayan na share hawaye, tambaya ta faɗo mini a rai. Wane ne uban? Na zagaye bishiyar ina murza ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Na gefen gida duk fanko ne kamar kullum. Masu ciki duk suna gefe guda, gefen da ke kallon gangaren bayan shinge. Gangarenka, Delmer.

Kowa ya san tarihin gangaren nan, amma zan faɗa don jikoki su ji daga bakina. Na ba Delmer shi tun uwarku tana raye, takarda da komai. Roscoe ya saba kiwon shanunsa a can. Shanu suka cinye dashen tuffar Delmer, aka faɗi maganganu a bakin ƙofar shinge waɗanda ba zan ɓata tawada a kansu ba. Delmer ya sa kwado, ya ce kada kofato ko lauje ya sake taɓa wurin, ya koma Ohio. Roscoe ya rantse ba zai ƙara taka shi ba ko da gidansa ne ke ci da wuta a can. Yau kusan shekara goma ke nan ban gan ku, Delmer da Roscoe, a tebur ɗaya ba. Ko ranar jana'izar uwarku ɗaya ya ci a kicin, ɗaya a baranda, Oleta tana kai-komo da faranti kamar mai hidimar gida biyu.

Na kira Roscoe na ce ya zo ya raka ni. Ya zo har bakin shinge ya toge. Ya ce, “Baba, ka san na yi rantsuwa.” Na ce to riƙe mini hula. Na ɗauki guduma na fasa kwadon. Na shiga sarƙaƙiya ina tafiya ina hutawa, ƙaya tana jan wandona, Roscoe yana ihu daga baya, “Baba, in ka faɗi a can Oleta kashe ni za ta yi!” Na ce in na faɗi sai ka zaɓa tsakanin rantsuwarka da matarka. Jifa biyu daga shinge na same shi. Kututturen mahaifina. Saman ya zama ƙasa, gansakuka ta rufe shi, amma daga gefensa toho ya tashi, miƙaƙƙe kamar mashi, ya fi rufin rumbu tsayi, da ganye mai haƙora irin wanda idona bai manta ba. A ƙasa ga busassun furanni na bana. Shekara saba'in saiwar nan tana raye a cikin dutse. Ashe kullum tana turo toho, shanu suna cinyewa, lauje yana sharewa, ba wanda ya kula. Sai da kuka yi faɗa kuka bar wurin ya huta sannan ta sami damar ɗagowa har ta yi fure, iska ta ɗauka ta tsallake shingen da ku kuka kasa tsallakewa.

Kun ga dai. Na yi shekaru ina roƙon Ubangiji ya kashe rigimar nan, ina ganin ya yi mini shiru, ashe yana da aikin da yake yi da ita. Yanzu ta gama aikinta. Ku ajiye ta.

Ƙwayoyin nan da na tsinta jinin tsohuwar bishiyar dutsen nan ne, wadda ta ga sanyi irin wanda ba a rubuta ba ba ta ko girgiza ba, haɗe da jinin mai jure ciwo. Ba a sayar da wannan a littafin talla. Ga umarnina.

Na ɗaya, kuma shi ne babba. Delmer, ka gaya mini a waya cewa ka shirya da wani mutum zai sayi gangaren ya gina masaukin mafarauta, kuma katafila za ta hau ta share wurin kafin ƙanƙara ta sauka. Na kira ka shekaranjiya, numfashi ya ƙi ba ni dama, ka ji tari kawai, ka ce, “Baba, ka kwanta ka huta, ma yi magana.” To ga maganar a rubuce, takarda ba ta tari. Ka dakatar da katafilar nan. Wurin naka ne, doka tana bayanka, ba ni da ikon hana ka. Roƙonka nake yi, ni da ban taɓa roƙonka komai ba. Na san rufe masana'antar da kake aiki ya taɓa ka, kuma ba son zuciya ya sa ka neman sayarwa ba. Saboda haka na bar maka filina na bakin titi, shimfiɗaɗɗe, wanda ya fi gangaren daraja nesa ba kusa ba. Ka sayar da shi ga wanda ka ga dama, ba zan juya a kabari ba. Shi kuwa gangaren, ka mai da shi sunanka da na Oleta tare, da sharaɗin ba mai sayarwa sai da sa hannun ɗayan. Bakin ƙarfen katafila sau ɗaya zai bi ta kan saiwar nan, abin da ciwo da zarto suka kasa yi a shekara saba'in ya ƙare kafin direba ya gama sigarinsa.

Na biyu. Gida da lambu da rumbu na Oleta ne, ita da ta yi jinyar uwarku, yanzu kuma take yin tawa. Bishiyar bayan gida tana cikin rabonta, amma 'ya'yan bishiyar na kowa ne mai jinina.

Na uku, ƙwayoyin bana. Ku saurara da kyau, don a nan ne mutanenmu ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Ba a ci. Na san ku, jinin Lantz in ya ga cesnat hannunsa kan kasko yake zuwa. Ni kaina na ci ɗaya ɗanya da sauran haƙorana, na ji zaƙin yarintata ya dawo mini har kunne, kuma na kai ɗaya na tura cikin ƙasa a kan kabarin Verlie don ta daina ce mata juya. Na sa wa Delmer ɗaya a cikin ambulan, wannan ka ci, don kafin ta isa Ohio ta bushe. Sauran iri ne. Kada wani ya tausaya musu ya ajiye su kusa da murhu don kada su ji sanyi, kamar yadda muke yi da irin wake. Cesnat in ta bushe ta mutu, in kuma ba ta sha sanyin hunturu ba ba ta tsirowa. Na jera su cikin yashi mai ɗanshi a tsohon bokitin madara, na rufe bakin da ragar waya saboda ɓera, na sa a ɗakin ƙasa inda muke ajiye dankali. Wurin da sanyi amma ba ya daskarewa. Twila, 'yar Oleta, wannan amanarki ce, tunda aikin asibiti ya koya miki duba marar lafiya a kan lokaci. Ki riƙa sa yatsa a yashin. In ya bushe ki yayyafa ruwa kaɗan, kada ki jiƙa shi sharkaf. Wadda ta yi fumfuna ki cire. Wajen ƙarshen hunturu za ki ga farar saiwa ta leƙo kamar haƙorin jariri. In kin gani ki zo kabarina ki faɗa mini da ƙarfi, kin san kunnen hagu ba ya ji. Akwai saura a kan bishiya ba su faɗo ba tukuna, ni da kurege muna rige-rige, kuma ya fi ni ƙafa.

Na huɗu, inda za a dasa. Na biya kuɗin wannan karatun da bishiyoyi masu yawa, ku karɓa kyauta. Kada ku dasa a ƙasan kwari don kun ga ƙasar baƙa ce. Sanyi kamar ruwa yake, gangarowa yake yi ya kwanta a wuri mai zurfi, nan ne yake ƙone toho. Ku dasa a tsakiyar gangare inda ruwa ba ya tsayawa, ɓangaren da rana ba ta saurin dukansa, don kada su farka da wuri. In sun tsiro za ku ga wasu sun yi saurin buɗe ganye, suna burge ido, wasu kuma sun yi nauyin barci. Kada ku raina masu barcin. A dutsen nan mai makara shi ke ganin kaka. Kada a ba su taki bayan tsakiyar zafi, don reshen da bai ƙosa ba hunturu ba ya ƙyale shi. Ku shafa wa gindin farar ƙasa kafin ƙanƙara, saboda ranar hunturu takan ɗumama ɓawo da rana, sanyi ya tsaga shi bayan ta faɗi, haka na rasa huɗun nan. Ku zagaye kowace da waya tun daga ƙasa har sama da kan barewa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba duka za su rayu ba. Wasu za su ɗauko raunin uban, ciwo ya ci su. Wasu sanyi zai ɗauka. Shi ya sa za a dasa duka, a bar dutse ya yi zaɓensa. Abu ɗaya kawai na hana: kada kowa ya sare bishiya don ya ga gyambo a jikinta. Ku ba ta lokaci. In gyambon ya kumbura ya yi tabo, tana faɗa ne, kuma irinta muke nema. Mahaifina har ya mutu yana cewa wa ya sani ko cikin waɗanda suka sare da gaggawa akwai wadda da ta ci ciwon da yaƙi.

Na biyar. Tohon kututture ba zai daɗe ba. Na ga tsatsa ta fara a gindinsa, faɗin tafin hannu. Wataƙila ya sake fure sau ɗaya, wataƙila biyu. Dole a yi masa aure kafin ya tafi, a yanki ƙananan rassansa a tsakiyar hunturu yana barci, a naɗe a ajiye a ɗakin ƙasa, in ƙanƙara ta narke a ɗaura su a kan ƙananan nan uku da na dasa bara. Duk kwarin nan ba mai hannun auren bishiya kamar Roscoe, ko sandar tsintsiya ya ɗaura sai ta yi tuffa. Don haka wuƙar aure ta mahaifina, mai ƙotar ƙaho, na bar wa Roscoe. Amma rassan suna kan gangaren da ya rantse ba zai taka ba. Roscoe, na tambayi fasto, ya ce rantsuwar fushi mai wurin ne ke warware ta. Delmer, kai za ka buɗe ƙofar da hannunka, ka ce masa ya shigo. Ba sai kun rungumi juna ba, na san wuyanku. Ɗaya ya riƙe tsani, ɗaya ya hau. In mutum yana riƙe maka tsani, magana takan zo da kanta. Roscoe kuma, shanunka sun ci tuffar nan, kowa ya sani har da shanun. Ka ɗaura masa wasu ka kai masa, a wuce wurin.

Na shida. A saman rumbu akwai katakon cesnat da na ɓoye, na tsohuwar bishiyar ne, daga bangon wani tsohon ɗakinmu da aka rushe. Kun san na ce da shi za a yi mini akwati kamar kakana. Na fasa. Katakon da ba ya ruɓewa asara ce a binne shi da wanda zai ruɓe. A tsaga shi a yi turakun da za su riƙe wayar dashen. Kakar ta tsare jikokinta. Ni ku sa ni a kowane katako mai araha, kusa da Verlie, ba zan yi ƙorafi ba, ita ce dai za ta yi.

Na bakwai, basussuka. Ba wanda ke bina kuɗi, kanti da likita duk na sallame su. Delmer yana bina kwado ɗaya, a saya masa daga abin da ke cikin gwangwanin kofi, amma a ba shi a hannu, kada a maƙala a ƙofa. Ni kuma ina bin Estel Vance. A gaban shaidu a kanti ya ce, “Ranar da juyar Hobart ta haihu, ranar zan taka coci.” Rabonsa da coci tun ɗaurin aurensa. Jiya na aika masa da ƙunshin ƙaya a buɗe, ya zo da kansa, ya juya ƙwayar a tafinsa ya daɗe, ya ce, “Kai tsohon banza, a kanti ka saya ka cusa.” Amma na ga yana share ido da hula, don shi ma da cesnat aka saya masa takalmi. In bai biya ina raye ba, jana'izata a coci za a yi, ku zaunar da shi a layin gaba.

Na takwas, ƙananan kaya. A-kori-kura ta Delmer ce, sai an lallaɓa ta in ana sanyi. Littafi Mai Tsarki mai manyan baƙaƙe na Oleta. Gogen kakanku a ba duk jikan da ya yarda zai koya a rumbu, nesa da mutane. Bargon faci-faci da uwarku ta ɗinka na Twila. Takardar shaidar gama ajin yamma da ke jikin bango kada a jefar. A bar ta a wurin, in wani yaro ya ce karatu ya yi masa wuya, a nuna masa shekarun wanda ya karɓe ta. In Malama Nadine tana raye lokacin da dashen suka kama, a kai mata guda, a ce daga ɗalibinta mai rubuta harafi a juye.

'Ya'yana, na yi aiki a cikin duhu rabin rayuwata, ban tara abin kirki ba. Na zaci abin da zan bari shi ne gida mai yoyo da ɗa da suruki da ba sa gaisawa. Sai ga shi a ƙarshen kwanana an ba ni abin da mahaifina ya mutu yana begen gani. Ni ba zan zauna a inuwar waɗannan ba, ku ma wataƙila 'yar kaɗan za ku samu. Amma wani yaro mai sunanmu zai fita da buhu wata kaka. Wannan ba aikin gida ɗaya ba ne. Mai fili ba shi da hannu, mai hannu ba shi da fili, mai bokiti tana jiran ku duka biyu. Ku riƙe juna. Ku ci a tebur ɗaya ranar bikin godiya na watan gobe, ko da shiru za ku ci. Kada jikokina su tashi suna tambayar wane ne wancan a jana'iza.

Ubangiji ya yi muku albarka, ya albarkaci 'ya'yanku da abin hannunku. Ya ba Delmer aiki mai ɗorewa, ya saka wa Oleta da abin da ni ban iya biya ba, ya sassauta wuyan Roscoe, ya tsare hannun Twila. Na yafe wa kowa, ku ma ku yafe mini.

Yanzu ku taho. Kada ku jira Kirsimeti, kada ku jira a kira ku a waya da muryar kuka. Ku zo ran Lahadin nan, tun sauran ƙayar tana sama tana buɗe baki. Delmer, ka cika mota da yara, ka kira mai katafila kafin ka tayar da ita. Oleta za ta dafa wake da burodin masara. A gaya wa Estel, a gaya wa fasto, a gaya wa duk wanda ya taɓa yi mini dariya a kanti, ban riƙe kowa ba, wuri ya ishe mu. Ku sa takalma masu kauri saboda ƙaya. Za ku same ni a kujera a gindinta da sanda ina korar kurege, ƙofar shinge kuwa turawa kawai take jira, don na riga na fasa kwadon. Ku zo ku gani da idonku!

Mahaifinku kuma kakanku,
Hobart Lantz